Tankunan mai da aka bari a filin gado: na wane ne, kuma wa zai tono su?

Tambaya:

Assalamu alaikum, lauya. Daga Tahoua nake rubuto maka. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana fili a bakin hanyar Ƙonni. Tun kafin shekarar 2000 ya ba wani ɗan kasuwa hayarsa, aka yi gidan mai a kai. Shekara uku ke nan da rufe wurin. Mai hayar ya kwashe famfunansa ya koma Yamai, amma tankuna biyu na nan binne, ɗaya na isansi ɗaya na gazuwal. Yanzu wani na son sayen filin ya gina shaguna. Ƙannena sun samo mai sayen tsohon ƙarfe, ya ce zai tono su ya yanyanka a nan wurin, har ya ba da kafin alƙalami. Ga kuma maƙwabcinmu ya fara cewa ruwan rijiyarsa na warin mai. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Mu bar mai ƙarfen ya yi aikinsa, ko mu sayar da filin yadda yake mu yi shiru?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Cikin hanyoyin nan biyu babu wadda zan yarda ka bi. Kafin mu shiga maganar doka, yau ɗin nan ka aika wa mai ƙarfen cewa kada ya kusanci wurin da injin yanka ko wutar walda.

Mutane na ɗauka tankin da babu mai a ciki ba shi da haɗari. Shi ya fi cikakke haɗari. Abin da ke kama wuta tururin isansi ne in ya cakuɗu da iska, kuma ba ya buƙatar yawa: daga kusan kashi 1 da rabi zuwa kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke cikin tankin, tartsatsi guda ya isa. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi ya watse, kwanciya yake a ƙasan tanki da cikin bututu, ga dagwalon da ya taru shekara da shekaru yana ƙara fitar da shi. Shekara uku ba ta kore shi ba. Ba mu manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin Yamai, ta kama wuta ana cikin ɗibar man, fiye da mutum 50 suka rasu nan take. Waccan a sarari ta faru. Taku a rufe take cikin ƙarfe, a tsakiyar unguwa. In yaron mai walda ya mutu a filinku da izininku, dokar hukunta laifuka na da babin kisa ta hanyar sakaci, kuma mai gabatar da ƙara zai tambayi wanda ya buɗe masa ƙofa.

To, tankunan ma na wane ne? Ƙannenka sun karɓi kuɗi a kan abin da ba su tabbatar da mai shi ba. A harkar gidajen mai sau da yawa mutum uku ne: mai fili, mai gudanar da wurin, da kamfanin da ke kawo man. Akwai yarjejeniyoyin da ke cewa tanki da famfo na kamfanin ne, aro ya bayar. In haka taku take, sashe na 1599 na kundin dokar farar hula ya ce cinikin kayan wani ɓatacce ne, kuma mai kayan na iya kai ku ƙara. Ko da a ce naku ne, dukiyar da ba a raba ba ta magada ce duka, har da mata da ƙananan yara. Mutum biyu ko uku ba za su sayar da wani ɓangarenta su kaɗai ba. Ku zauna taron dangi, a rubuta sakamakonsa, a kai kotu tare da takardar shaidar magada, a naɗa wakili guda. In kai ne, sai ka samu bakin magana a kowane ofishi.

Daga nan ka buɗe akwatin takardun marigayi. Abu uku nake so ka nemo: yarjejeniyar haya, takardar izinin buɗe gidan man, da duk wata takarda da ke nuna yadda aka rabu da mai hayar. Ta ukun tana da nauyi fiye da yadda kake zato. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka daidaita dokokinsu na kasuwanci, kuma dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka sabunta a Lome a 2010 ita ke tafiyar da hayar wurin sana'a. A ƙarƙashinta mutuwar mai fili ba ta kashe haya. In mutumin nan tafiya kawai ya yi, bai miƙa wurin a rubuce ba, yana iya dawowa gobe ya ce hayarsa na nan. Raba gari da shi sai an aika masa gargaɗi na wata guda, sannan alƙali ya warware yarjejeniyar.

Game da wanda zai biya kuɗin tonowa da tsabtace ƙasa, doka na tare da ku a matakin farko. Gidan mai na cikin wuraren sana'a masu haɗari da doka mai lamba 66-033 ta 24 ga Mayun 1966 ta sa a ƙarƙashin kulawar hukuma, kuma wanda sunansa ke kan izini shi hukuma ta sani. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamban 1998 ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, wato kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sashe na 1730 da na 1731 na dokar farar hula sun ɗora wa mai haya mayar da wuri yadda ya same shi.

Sai dai akwai inda igiyar ke dawowa wuyanku, kuma nan ne na fi so ka natsu. Dokar 1998 ɗin ba ta tsaya kan wanda ya samar da shara mai cutarwa ba, ta haɗa da wanda sharar ke hannunsa. Sashe na 1384 na dokar farar hula kuma ya ce mutum ke ɗaukar ɓarnar abin da ke ƙarƙashin kulawarsa. Yau kuna da hujjar cewa mai hayar ne ya binne, shi ya yi amfani, shi ya tafi ya bari. Ranar da kuka sa aka tono da kanku, kuka karɓi kuɗin ƙarfe, kun nuna wa duniya ku ne masu iko da tankunan. Mafi muni, kun shafe shaida. Lauyan mai hayar zai miƙe ya ce tankuna lafiya lau ya bar su, masu tono ne suka huda, kuma ba ku da abin da za ku nuna. Na ga magada masu gaskiya sun rasa shari'a a kan irin wannan gaggawa, abin na yi mini ciwo har yanzu.

Don haka a fara da shaida. Ka ɗauko wisiye, ma'aikacin shari'ar nan da ke zuwa ya gani da idonsa ya rubuta, ya yi konsta: bakin tankunan, bututun shaƙar iska, tabon mai a ƙasa, wari, nisan rijiyar maƙwabci, da hotuna. Kada a bar kowa ya leƙa ciki da fitila ko ashana. Shi wisiyen zai kai wa mai hayar takardar gargaɗi, wadda a ofisoshi ake kira mise en demeure, a ba shi wa'adi ya zo ya kwashe tankunansa bisa ƙa'ida. In akwai sunan kamfanin mai a takardun, shi ma a kai masa. Rajistar ƴan kasuwa da ke kotu za ta nuna maka ko kamfanin mutumin na raye ko an rushe shi. In yana hannun mai karkasa dukiya, wato wanda aka naɗa ya sayar da kadarorin kamfanin ya biya basussukansa, wajensa za ku rubuta bashinku ba tare da jinkiri ba.

In ya yi kunnen ƙashi, sai babbar kotun Tahoua, sai fa in yarjejeniyar ta ambaci wata kotu. A fara da ƙarar gaggawa, a roƙi alƙali ya naɗa ƙwararre ya auna ƙasa da ruwa a gaban kowane ɓangare. Sashe na 1144 na dokar farar hula ya ba alƙali damar ya yardar muku ku yi aikin, kuɗin ya zama bashi a kan mai hayar. Ka lura da lokaci. Sashe na 16 na dokar OHADA ɗin ya sa wa'adin shekara 5 ga haƙƙin da ya taso daga harkar kasuwanci, ko da ɗaya ɓangaren ba ɗan kasuwa ba ne. Ana iya ƙirga muku daga ranar da ya bar wurin, ke nan uku sun tafi. Takardar gargaɗi ba ta tsayar da ƙirgen. Shigar da ƙara ke tsayar da shi, ko shi da kansa ya amsa a rubuce cewa nauyin na kansa.

A rana ɗaya da gargaɗin, ka rubuta wa ofishin muhalli na jiha, da ofishin da hatiminsa ke kan takardar izini, da ma'aikatar magajin gari, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Na san mutanenmu na gudun kai kansu wurin hukuma. A nan wasiƙar garkuwarka ce, don ita za ta nuna ranar da ka sani da abin da ka yi a kai. Ka tambaye su a ciki ko aikin na buƙatar binciken hukumar BNEE, wadda dokar 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018 ta danƙa wa tantance illar ayyuka ga muhalli, da kuma kamfanonin da suka yarda da su.

Shi aikin kansa, ga abin da za ka sa ido a kai, ka kuma sa a rubuta a yarjejeniyar ɗan kwangila. A katse lantarki, a killace wurin, a sanar da ƴan kwana-kwana. A zuƙe ragowar mai da dagwalo cikin mazubi mai murfi. A wanke, a kori tururin, ko da iskar da ba ta kama wuta irin nitirojin ko ta cika tankin da ruwa, kuma ruwan nan ya zama gurɓatacce, ba na zubarwa a kwata ba ne. A auna da na'ura, a ba ka takardar shaidar cewa babu tururi, a sake aunawa dab da ɗagawa, don tururi na dawowa. A ciro bututun duka, saboda yoyo sau da yawa a mahaɗarsu yake. Bayan an ɗaga, a ɗebi ƙasa daga gindin ramin da gefunansa a kai gwaji kafin a cike. Kowace mota da ta fita da dagwalo ko baƙar ƙasa, a ba ka takardar inda aka kai. Akwai hanyar barin tanki a ƙasa a cika shi da yashi ko kankare bayan an wanke, amma ta inda tonowa zai rusa gini ce. Ku da rijiya ke wari, dole a ga abin da ke ƙarƙashi. Ku kuma yi kafin damina, don tankin da ba komai ciki na iya tasowa in ruwa ya cika ƙasa, ya tsinke bututunsa.

Bayan an gama duk wannan, in ta tabbata ƙarfen naku ne, ana iya sayar da shi, amma a huhhuda shi yadda ba zai ƙara riƙe ruwa ba. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina isansi mai dalma, tankunanku kuwa sun girmi wannan shekara, ke nan ana iya samun ragowar dalma mai guba a jikinsu. Kada ka bari wani ya saya ya mai da shi tankin ruwan sha, na lambu ko na shayar da dabbobi.

Maƙwabcinka kuwa, kada ka jira ya kai ƙara. Ka je da kanka, da dattijo ɗaya ko mai unguwa, ka roƙe shi su daina sha da girki da ruwan har a gwada. A cikin isansi akwai sinadarin benzen mai jawo sankarar jini, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha maikirogiram 10 ne kacal a lita. Tafasawa ba hanya ba ce. In kuna da hali ku taimaka masa da ruwa na ɗan lokaci, a rubuta cewa taimakon maƙwabtaka ne, kada ka sa hannu a takardar amsa laifi. A sanar da ofishin ruwa na jiha, a sa rijiyar cikin aikin ƙwararren kotu. Ta haka, in ya nemi diyya a ƙarƙashin sashe na 1382 na dokar farar hula, za ku jawo mai hayar cikin shari'ar.

Saura maganar sayarwa a yi shiru. Sashe na 1641 na dokar farar hula ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, na 1645 ya ƙara da cewa in ya san da aibin, bayan mayar da kuɗi zai biya diyya. Kai ka sani, maƙwabci ya san ka sani. Ranar da masu haƙa harsashin shago suka ci karo da ƙarfe, mai sayen zai dawo kanku, lokacin kuwa an raba kuɗin, wani ya yi aure, wani ya sayi mota. Addininmu ma bai halatta ɓoye aibin kaya ba. In kuna matse da kuɗi kuna iya sayarwa kafin a tono, amma a gaban noter, ma'aikacin shari'ar nan mai tabbatar da takardun ciniki, a rubuta yawan tankunan, a haɗa rahoton gwaji, a faɗi wanda zai yi aikin da lokacinsa, a bar wani kaso na kuɗin a hannun noter har a gama. Wannan na kare ku daga mai saye, bai hana maƙwabci ko hukuma nemanku a kan abin da ya riga ya faru ba. Don haka ko an sayar, a ware wani abu kada a raba har a ga sakamakon gwajin.

Kafin alƙalamin nan, a mayar wa mai ƙarfe kuɗinsa cikin makon nan a gaban shaidu biyu, ya sa hannu ya karɓa kuma cinikin ya tashi. In ƙannenka sun taɓa kuɗin, ka cika daga aljihunka, a rubuta, a cire maka ranar rabo.