Furen Sakura, Jirgin Nilu da Dawakan Wyoming: Amsoshin Wannan Mako

Tambaya: 'Yata tana karatu a Tokyo, ina son in je in gan ta, in kuma ga furannin nan da take turo mini hotunansu. Mai sayar da tikiti ya ce in ɗauki na tsakiyar Afrilu don ya fi araha. In biya? Daga wata uwa a Kaduna.

Hajiya, arahar nan tana da dalili. Furen sakura, wato furen bishiyar ceri ta Japan da 'yarki take turo miki hotunansa, ba ya jiran kowa. A Tokyo yakan fara buɗewa ne a ƙarshen Maris, ya cika bayan kamar mako guda, sannan ya soma zuba. Idan aka yi ruwa da iska, kwana biyu sun isa su kakkaɓe shi. Wanda ya sauka a tsakiyar Afrilu yawanci ganye zai tarar, shi ya sa kuɗin jirgi da na masauki suke sauka a lokacin.

Amma kada ki yi saurin watsi da tikitin. Furen yana tafiya ne daga kudu zuwa arewa, yana bin ɗumi. Lokacin da ya ƙare a Tokyo, a Hirosaki da ke arewacin tsibirin Honshu sai wajen ƙarshen Afrilu yake cika, a Sapporo kuma har farkon Mayu. In 'yarki za ta samu sarari, ku hau jirgin ƙasa mai gudu ku bi shi arewa. Sai dai ku kula da hutun da Japanawa ke yi daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, domin ƙasar gaba ɗaya kan hanya take, kujera da ɗaki sai wanda ya riga. Ni da ni ce, zan ƙara kuɗi in sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa, tunda hasashen ranar buɗewar furen ba ya tabbata sai an kusa.

Tambaya: Zan raka mahaifina ganin likita a Alƙahira. Bayan an gama muna son mu shiga jirgin ruwa a Kogin Nilu. An ba mu zaɓi biyu: kwana uku ko kwana huɗu. Wanne ya fi? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, Allah Ya ba Baba lafiya. Da farko, yawancin jiragen nan ba daga Alƙahira suke tashi ba. Tsakanin Luxor da Aswan suke kaiwa da komowa, can kudu, don haka ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da jirgin sama ko jirgin ƙasa zuwa can. Mutane da yawa a nan suke yin asara.

Bambancin kwanakin kuwa daga ruwan yake. Nilu arewa yake gangarawa. Jirgin da ya tashi daga Aswan yana bin ruwa, sai ya kwana uku. Wanda ya tashi daga Luxor yana hawa ne, sai ya kwana huɗu. Wuraren tsayawa kusan ɗaya ne: Edfu, Kom Ombo, da mashigar Esna inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi, wani lokaci a yi dogon layi. Da dattijo mai jinya, na kwana huɗu ya fi, don ba a tashin mutane da gaggawa sosai. Ka nemi ɗaki a bene na tsakiya, nesa da inji, ka kuma tambaya ko akwai lif, domin jirage da dama matakala kawai gare su. Wani abin da ba a faɗa a talla: a tashoshi jiragen sukan jeru gefe da gefe, sai ka buɗe labule ka ga tagar maƙwabci maimakon kogi. Ku je tsakanin Oktoba da Afrilu. Zafin Aswan a Yuli yana wuce digiri 40, ko mutumin Maiduguri sai ya nemi inuwa.

Tambaya: Ina aiki a jihar Minnesota ta Amurka. Abokai sun ce mu haɗa kuɗi mu yi mako guda a gidan kiwo mai karɓar baƙi masu hawan doki a jihar Wyoming. Na saba hawan sallah a gida. Ya cancanci kuɗinsa?

Ɗan'uwa, in hawa kake so, ya cancanta, amma ka cire sukuwar hawan daba daga ranka. Dawakan can an horar da su ne su bi sahu a hankali cikin duwatsu, kuma sai jagora ya gwada ka kafin ya bar ka ka saki linzami. Sirdinsu mai faɗi ne, da ƙaho a gaba na ɗaure igiya. Wannan sana'a ta karɓar baƙi tsohuwa ce, ƙungiyar masu ita tun 1926 aka kafa ta, kuma duba ko gidan yana cikinta hanya ce mai sauƙi ta tantancewa.

Kuɗin mako yakan haɗa ɗaki, abinci sau uku da doki, amma ka tambayi haraji da tukuicin ma'aikata, don suna iya ƙara nauyi sosai. Ka tambaya ko gidan na kiwon shanu ne da gaske, inda baƙo ke taya kora garke, ko kuwa otal ne mai dawaki. Ka kuma rubuta musu batun abinci tun kafin ka biya kafin alƙalami: naman alade ba ya rabuwa da karin kumallonsu, kuma gari mafi kusa yana iya zama tafiyar awa guda. Lokacinsu daga Yuni ne zuwa Satumba, ka tafi da rigar sanyi ko da a Yuli ne, dare a kan tsaunuka ba wasa.