Hawan jinin ido alhali awon yana daidai

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce likita ya ce Baba na da gilakoma, wato hawan jinin ido, amma da aka auna ƙarfin idon 16 aka samu, shi ne kake tunanin ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne wallahi, Innarmu nan Gusau irin shi gare ta. Awon lafiyayyen ido tsakanin 10 ne zuwa 21, to akwai mutanen da jijiyar ganinsu ba ta jure ko wannan ɗin, wani lokacin saboda jini bai isa gare ta sosai musamman da dare in awon jinin jiki ya sauka. Shi ya sa ake tambayar ciwon ɓarin kai da minshari mai ɗauke numfashi.

Maganin dai shi ne a ƙara sauke awon, likitoci kan nemi ragin kamar kashi 30 cikin ɗari, da maganin ɗigawa irin latanoprost ko leza ko tiyata.

Inda mutane ke kuskure, ciwon ba ya zafi kuma daga gefe yake cin gani, sai a ce ai ba a ga sauƙi ba a aje magani. Abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ake tsarewa. Don Allah kar a saya mishi ɗigo a kemis ko a zuba na gargajiya, kuma in yana shan maganin hawan jini da dare ku faɗa wa likitan, kar ku canza da kanku.

Ku nemi gwajin faɗin gani da hoton jijiya a asibitin tarayya na Gusau (FMC), in babu su tura ku asibitin ido na ƙasa a Kaduna. Kai ma da ƙannenka ku je a duba ku, yana bin jini. Allah ya ba Baba lafiya.