Amsoshin tambayoyinku: wasan hautsina haruffa da sunayen itatuwa

Wata malamar ilimin halittu daga Gumel ta rubuto cewa ɗalibanta na kasa riƙe sunayen itatuwa na kimiyya, don haka tana son ta haɗa musu wasan hautsina haruffa, wanda ake cakuɗa haruffan kalma a ce a gano asalinta. Tambayarta: ta sayi akwatin Scrabble ne, wasan nan na haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa, ko ta yi nata katunan?

Malama, ki yi naki. An ƙididdige haruffan Scrabble ne bisa buƙatar kalmomin Ingilishi, su kuwa waɗannan sunaye da Latin aka ƙera su. A cikin ƙwayoyi 100 na akwatin, Z ɗaya ce, K ma ɗaya. Ziziphus, sunan dangin magarya da kurna, Z biyu yake ci, sai kin ƙona ɗaya daga ƙwayoyi biyun da ba su da rubutu. Khaya, wato maɗaci, da Parkia, ɗorawa, ba za su hau tebur lokaci guda ba sai kin ƙona ɗayar, domin kowanne na jiran K ɗin nan. Harafin A guda tara ne. Adansonia ta kwashi uku, Azadirachta huɗu, Khaya biyu, shi ke nan sun ƙare a sunaye uku kacal.

Ki samu kwali mai kauri ki yanka shi santimita huɗu-huɗu, ko ki sa yara su tara marafen robar lemo. Ki rubuta da maka, duk da manyan baƙaƙe, domin in kika bar na farko shi kaɗai babba kin tona amsar. Ki ja layi a ƙarƙashin kowane harafi: N in ta kwanta Z take komawa, M in ta kife ta zama W, kuma nan gardama ke tashi a aji. Kowane suna da ambulan ɗinsa, a rubuta adadin haruffan a bayansa, a ƙirga kafin a mayar. Kati ɗaya ya ɓace, yara za su shafe rabin awa suna neman amsar da babu ita.

Wani matashi daga Maraɗi, mai shirya gasar kacici-kacici a unguwarsu, ya ce ya ba abokansa sunaye goma, ko ɗaya ba su gano ba, har suka watse. Ina kuskuren?

Da alama cikakken suna ka ba su, mai gaɓa biyu. Ka tsaya a gaɓar farko, sunan dangi. Ta biyun kan maimaitu, ba ta nuna komai: senegalensis na jikin maɗaci, yana jikin sabara, yana jikin gwandar daji. Sannan ka duba tsawo. Haruffa biyar na Khaya hanyoyi 60 ake iya jera su, amma tara na Adansonia sun kai 30,240. Ka fara da masu biyar zuwa bakwai, irin su Vitex, ɗinya, da Guiera, sabara, da Moringa, zogale.

Abin da ke sa wasan daɗi shi ne hautsinin ya ba da magana mai ma'ana a Hausa, yadda zaurance ke juya magana amma mai kunne ya kama ta. Ɗauki ADANSONIA, kuka. Haruffanta tara cif suna ba da NA DAINA SO. TAMARINDUS, tsamiya, tana ba da TSARIN DAMU. MORINGA kuwa in ka jera ta MANGORI, kowa zai ruga wajen mangwaro, alhali mangwaro Mangifera ne. Irin wannan tarkon halal ne a wasa. Ka lura dai Latin ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, don haka kada ka ƙirƙiro lanƙwasa inda babu, kuma ts da sh katuna bibbiyu ne ko da bakinka na jin su sauti ɗaya.

Kowace tambaya ta zo da ɗan haske. Ga kuka ka ce: “Ganyena miya ne, sunana na wani Bafaranshe ne da ya yi bincike a Senegal,” wato Michel Adanson. Ga ɗorawa ka ambaci daddawa da Mungo Park, wanda aka sa mata sunansa. Tsamiya ta fi sauƙi ga wanda ya yi karatun Larabci, don daga tamar hindi sunan ya fito, dabinon Indiya. In amsar Ziziphus ce, kada ka tambayi sunan Hausa sai ka fayyace magarya kake nufi ko kurna.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibin aikin gandun daji ce: ya ga tsohon littafin sunayen tsirrai a wurin masu sayar da littattafan hannu, ya saya?

Ka saya domin sunayen Hausa, musamman in na J. M. Dalziel ne, wanda ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Sunayen Latin ɗin ne za ka tantance kafin ka yanka kati, don da yawa sun canza. Kaɗanya a da Butyrospermum ce, yanzu Vitellaria. Gawo ya tashi daga Acacia ya koma Faidherbia. Bagaruwa ma ta koma Vachellia, bayan taron masana tsirrai na 2011 a Melbon ya tabbatar da barin sunan Acacia ga itatuwan Ostareliya. Shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila kyauta ne, yana nuna sunan da aka amince da shi da tsofaffin. Ka sanar da ’yan wasa tun farko wanne za a karɓa, ka kuma kwafi rubutun harafi-harafi: h ɗin da ke cikin Azadirachta, darbejiya, ita aka fi mantawa.