Tambaya da Amsa: Hotunan da na ɗauka a wajen lilo duk sun fito dishi-dishi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, sannu da aiki. Sallar da ta wuce na kai yarana uku wajen wasa, sun hau lilo sun hau motocin nan masu karo da juna, na ɗauki hoto ya fi ɗari wallahi amma da muka koma gida ko goma na kirki babu, wasu dishi-dishi wasu fuska ta yi baƙi. Wayar ce ko ni ce? Bana gidan zoo muke son zuwa. Daga maman yara uku, Sheka.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba lallai wayar ba ce, na fi zargin lokacin da kika je. Ranar Kano da azahar a tsakiyar ka take, sai inuwa ta sauko kan ido da hanci, yaro kuma yana ta yamutsa fuska. Ki je da hantsi ko bayan la'asar, ki sa ranar a bayanki ba bayan yaran ba, in tana bayansu ne fuska ke yin baƙi. Sannan ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi, maiƙon hannu da ƙura kaɗai sun isa su sa hoto ya yi hazo.

Lilo kuwa akwai dabara. Kar ki bi shi da waya, ki tsaya waje ɗaya ki manne gwiwar hannu a jiki, in ya kai ƙarshen sama yana ɗan tsayawa kafin ya dawo, to nan za ki danna, kuma ki danna da yawa a jere sai ki zaɓa daga baya. Kar ki ja hoton da yatsa, ke ki matsa kusa. Ki ɗan durƙusa daidai tsayin yaro, ni dai hoton da aka ɗauka daga sama ba ya burge ni, kai ya fito ƙato ƙafa 'yar mitsitsiya.

Gidan zoo na Audu Bako da ke Zoo Road cika yake yi da sallah ba masaka tsinke, don haka kuna shiga ki ɗauke su tun kaya na da guga kafin askirim ya zuba a shadda, hoton ma zai yi miki amfani in Allah ya kiyaye wani ya ɓace a cunkoso, kin san kalar kayan da ke jikinsa. Ki sa musu takarda mai lambarki a aljihu. Kuma don Allah ki lura da 'ya'yan mutane da matan mutane da ke bayanku kafin ki ɗora a status, ba kowa ke so ba. Wajen keji kar ki kunna fitilar kyamara, kar kuma ki ce yaro ya jingina da wayar kejin don hoto ya yi kyau. Ki tafi da caji cike, a gaishe min da yaran.