Tambaya da Amsa: Fina-finan Filifin masu dogon zango

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana mata sun yi watsi da fina-finan Indiya sun koma wa na Filifin, har sai na yi faɗa kafin su tashi sallar isha'i. Su wane ne mutanen nan, kuma me ya sa labarinsu ba ya ƙarewa? Daga wata uwa, Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Filifin ƙasa ce mai tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, wadda Sifaniya ta mulka sama da shekara 300 kafin Amurka ta karɓe ta a 1898. Shi ya sa sunayensu suka yi kama da na Sifaniyawa, kuma akasarinsu Kiristoci ne 'yan ɗarikar Katolika, ko da yake akwai Musulmi da yawa a Mindanao, kudancin ƙasar.

Rashin ƙarewar labarin kuwa kasuwanci ne. Manyan kamfanoninsu na talabijin guda biyu, ABS-CBN da GMA, sun daɗe suna gasar jan masu kallo da dare daga Litinin zuwa Juma'a, kuma ana ɗaukar shirin ne ana nuna shi a lokaci guda, saboda haka muddin jama'a na kallo, masu talla na biya, marubuta za su yi ta ƙara rassa. Misali, shirin Ang Probinsyano ya fara a 2015, bai kammala ba sai 2022. Wanda ya buɗe musu ƙofar Afirka shi ne shirin Pangako Sa 'Yo na shekarar 2000, kuma a yau yawancinsu ta StarTimes suke iso mana da muryoyin Turanci.

Ban yi mamakin yadda suka kama zuciyar yaranki ba, domin damuwar da ke ciki tamu ce: uwar miji mai dukiya ta ƙi 'yar talaka, an musanya jarirai a asibiti, 'yan uba suna rigimar gado. Akwai ladabi ma, inda ƙarami kan kama hannun babba ya ɗora a goshinsa. Amma suturarsu da rungume-rungumen samari da 'yan mata da shan giya a wajen biki ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba na so ki ɗauki wannan da wasa.

Shawarata ita ce kada ki hana gaba ɗaya, don za su koma waya inda idonki ba ya kaiwa. Ki zauna ki kalli shirin tare da su na 'yan kwanaki, ki zaɓi guda ɗaya, sannan ki kafa doka cewa ba a kunna dikoda sai an idar da sallah an gama aikin makaranta.