Amsa: Gwiwar ɗiyata ta kumbura, tana ɗingishi da safe

'Yar'uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Kin ce shekararta 3, gwiwar ta yi wata biyu a kumbure, da safe ƙafar ta sage, sai rana ta ɗaga ta saki. Wannan ya yi kama da amosanin gaɓɓai na yara, wanda likitoci ke kira JIA: kumburin gaɓa da ya wuce mako 6 a yaron da bai kai shekara 16 ba.

Amma babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Sai an kawar da sikila, ƙwayar cuta a cikin gaɓar, tarin fuka na ƙashi da sankarar jini tukuna. Ki nemi takardar turawa zuwa likitan yara a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika. Za a ɗebi jini, a ɗauki hoton gwiwar. Ko gwajin RF (gwajin jini na neman alamar amosanin gaɓɓai) ya fito lafiya kada hankalinki ya kwanta, yawancin yaran da ke da ciwon haka nasu yake fitowa.

Ki matsa a duba mata ido. Ciwon kan kumbura cikin ido ba ja, ba zafi, har ya taɓa gani, musamman a ƙananan 'yan mata.

Ki ɗauki bidiyon tafiyarta da safe, domin kafin layi ya zo kanku a asibiti ƙafar ta warware. Don Allah ban da tsaga, ban da maganin prednisolone na kemis, yana iya ɓoye sankarar jini. In zazzaɓi ya zo ta kasa taka ƙafar, ki kai ta asibiti a ranar.