Ko hannu na iya kai HPV al'aura?

Tambaya: Likita, ni amarya ce. Mijina yana da wasu ƙananan tsiro masu kaushi a yatsunsa. Idan ya taɓa gabana, zai iya sa mini HPV? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. HPV dangin ƙwayoyin cuta ne masu yawa, sun haura iri 200, kuma kowanne da inda ya fi kamawa. Masu fitar da tsiro a yatsu, irin su mai lamba 2 da mai lamba 4, ba su ne ke addabar al'aura ba. A can, na 6 da na 11 ne ke fitar da tsiro, na 16 da na 18 kuma ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa.

Ko su waɗannan ɗin ma, da wuya hannu ya zama hanyarsu. Masana a Jami'ar McGill ta Kanada sun bibiyi matasa masu tarayya da juna, suka fitar da sakamako a 2019: ana samun ƙwayar a hannu, amma kusan duk sabon kamu a al'aura ta haɗuwar gaba da gaba ya zo. Ban ce ba ya yiwuwa sam ba, sai dai ba nan haɗarin yake ba. Maigida ya nuna yatsunsa a asibiti, kada ya yanke tsiron da reza.

Tambaya: Butar da muke tsarki da ita a gidan haya fa? Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Malam, babu hujjar cewa buta ko gaisawa na yaɗa HPV.

Tambaya: Ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina, amma gwaji ya nuna ina da HPV. Cin amana ne? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, wannan gwajin ba shaidar cin amana ba ne, kuma ina roƙonki kada ki bari ya taɓa aurenki. Ƙwayar kan yi shekaru a jiki ba alama, har mai ita bai sani ba, kuma a mafi yawan mutane jiki kan kawar da ita cikin shekara 2. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki koma a duba bakin mahaifarki a ranar da aka sa miki. Idan kina da 'ya'ya mata, Najeriya ta fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 riga-kafin HPV kyauta a Oktoban 2023. Ki tambaya a asibitin unguwarku.